Ƙurajen Fuska Ga Mace Mai Ciki

A rangadin da muka yi bayan kaka, mun sauka wani ƙauye domin mu duba injin matsar gyaɗa na ƙungiyar mata. Ana cikin lissafin kuɗin mai da na ƙuliƙuli, sai muka lura da wata matashiya zaune can baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ita ce mai riƙe da littafin ƙungiya, da ma kuwa mun san ta da fara'a da yawan magana. Da aka tashi, shugabar mata ta kamo hannunta ta kawo ta wurinmu, ta ce, "Malamai, ku dubi 'yata. Tun da cikin nan ya shiga wata huɗu fuskarta ta lalace da ƙuraje. Mun hana ta gyaɗa, mun hana ta ƙwai da nono, maigidanta kuma ya sayo mata kafso ja da rawaya a kasuwa, amma shiru."

Ƙurajen ba su ba mu tsoro ba. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne zancen hana abinci da kuma kafson nan. Muka ce, "Mama, ta fara sha ne?" Ta ce kwana biyu ke nan. Muka roƙe su a ajiye shi, a kai sauran wurin ungozoma ran awo ta gani da idonta.

Mu malaman gona ne, ba likitoci ba. Amma tun da yake wannan magana ta shafi gyaɗa da ƙwai da muke koya wa jama'a nomansu da kiwonsu, ta kuma shafi 'ya'yan da za a haifa mana, mun zauna da ungozomomi da likitoci mun tambaye su. Ga abin da muka samo, muna fata za a karanta shi a taron ƙungiya, maza da mata suna zaune.

Yadda ƙurajen suke fitowa

A fatar mutum akwai ƙananan ƙofofi inda gashi yake tsirowa. A gindin kowace ƙofa akwai 'yar jaka mai yin maiƙo, wanda yake hana fata bushewa. Jakunkunan nan sun fi yawa a fuska da ƙirji da gadon baya, shi ya sa ƙurajen suka fi son waɗannan wurare. Idan maiƙo ya yi yawa, ya haɗu da mataccen ɓawon fata, sai ƙofar ta toshe, kamar yadda yayi da laka suke toshe hanyar ruwa a lambu. Akwai wata ƙwayar cuta da take zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar ƙuraje. Idan ta sami ƙofa a toshe cike da maiƙo sai ta hayayyafa a ciki, wurin ya kumbura, ya yi zafi, wani lokaci ya tara ruwa.

Abin da yake ba jakunkunan nan umarni su ƙara maiƙo shi ne wasu sinadarai da jiki da kansa yake yi, waɗanda likitoci suke kira homon. Suna ƙaruwa lokacin balaga, shi ya sa muke cewa ƙurajen balaga, wajen matasa 8 cikin 10 kuwa sukan yi su. Suna hawa da sauka a kowane wata ga mace, shi ya sa waɗansu mata sukan ga ƙurji ɗaya ko biyu gab da al'ada. Da shigar ciki kuwa homon sukan ƙaru ƙwarai, gama su ne suke riƙe cikin. Watau abin da yake tsare jariri a mahaifa, shi ne yake sa fuskar uwa ta yi maiƙo.

Ba kowace mace ba ce. Wata fuskarta takan yi sumul da ciki fiye da dā. Wata takan sha wuya a watannin farko, wata sai ciki ya tsufa. Wadda ta yi su da yawa tana budurwa, ko takan yi su gab da al'ada, ita ta fi zama cikin shiri. Ga yawancin mata sukan lafa bayan haihuwa, cikin 'yan makonni ko watanni. Ƙurajen kansu ba su ratsawa su taɓa jariri ko kaɗan.

Abin da ake faɗa a tsakar gida

Ana cewa ƙazanta ce. Ba ita ba ce. Baƙin kan nan da ake gani a bakin ƙurji ba dauɗa ba ce, maiƙo ne da iska ta buga ya sauya launi, kamar yadda yankakken yalo yake yin baƙi in an bar shi a fili. Mun ga mata suna dirje fuska da soso sau biyar a rana saboda kunyar kada a ce musu ƙazamai. Dirzar nan ƙara fusata fata take yi, ƙurajen su ƙaru.

Ana cewa ana ɗauka. Ba a ɗauka, ko ta tawul, ko ta ƙwarya, ko ta kwana ɗaki ɗaya. Ana cewa dattin jini ne, sai a nemo jiƙe-jiƙe da maganin wankin ciki. Jinin mai ƙuraje ba shi da wani datti, maganin zawo mai ƙarfi kuwa ba abin da mai ciki za ta kusanta ba ne. A wani ƙauye an ce mana ƙuraje alamar za a haifi mace ce, wai 'ya ta kwashe kyaun uwarta. A ƙauye na gaba, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, aka rantse mana alamar namiji ce. Kowane ɓangare yana da labarin da ya ci daidai, gama dai ko namiji ne ko mace. Wanda ya matsu ya sani, hoton ciki a asibiti yakan nuna daga wajen wata biyar.

Wadda ta fi damunmu ita ce ta abinci. Kusan ko'ina muka je, laifin a kan gyaɗa ake ɗora shi, sa'an nan ƙwai, da nono, da duk abin da aka soya. Tunanin shi ne mai da aka ci shi ne yake fitowa ta fuska. Ba haka jiki yake aiki ba. Man da aka ci hanji ne yake narkar da shi, maiƙon fuska kuwa jakunkunan fata ne suke yin abinsu bisa umarnin homon. Abin da masu bincike suka fi samun alamarsa shi ne yawan sukari, da lemon kwalba, da kayan fulawa, waɗanda suke iya ƙara ƙuraje ga waɗansu mutane. An kuma ga 'yar alaƙa kaɗan da madarar shanu, amma ba wadda ta isa a hana mai ciki nono ba.

Ku dubi abin da ake hasara. Kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar gyaɗa abinci ne mai gina jiki. A gidajenmu da yawa nama sai ran kasuwa ko ran biki, saboda haka gyaɗa da wake da waken suya da ƙwai da nono su ne suke gina jikin jariri. In an janye su, an bar mace da tuwo da miya tsinkakkiya a daidai lokacin da take ciyar da mutum biyu. Ƙurajen ba za su tafi ba, ita kuwa za ta rame, jininta ya ragu, a haifi yaro ƙarami. In lalle ana so a rage wani abu, a rage sukari a koko da lemon kwalba.

Akwai dai wata 'yar gaskiya a zancen gyaɗa, amma ba ta ciki ba ce. Mace da ta yini a kan kaskon suyar ƙuliƙuli, tururin mai yana bugun fuskarta, tana share zufa da hannu mai maiƙo, tana iya ganin ƙurajenta sun ƙaru. Man da ya zauna a kan fata ne ya toshe ƙofofin. Haka man kitso mai kauri yake jawo ƙananan ƙuraje a goshi, daidai inda ɗankwali yake zama. Maganin wannan shi ne a wanke hannu da fuska bayan aiki, a riƙa wanke ɗankwali, a ci gyaɗa kuma.

Waɗansu kuma sukan ɗora laifin a kan ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo, su daina sha a ɓoye. Kada a yi haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta sha ƙwayar sinadarin ƙarfe da ta folik asid kowace rana, domin ƙarancin jini yana cikin abubuwan da suke sa haihuwa ta zo da hatsari.

Magungunan da za a guje wa

Kafso ja da rawaya da ake tallarsa a faranti ran kasuwa, yawanci tetarasayikilin ne. Gaskiya ne likitoci sukan ba da shi, da ɗan'uwansa dokisisayikilin, domin ƙurajen fuska ga wanda ba shi da ciki. To, amma maganin nan yana ratsa mabiyiya, yana kuma manne wa duk inda ƙashi da haƙori suke ƙulluwa. Haƙoran jariri suna fara yin tauri a cikin dasashi tun wajen wata na huɗu na ciki. Idan uwa ta sha shi daga wannan lokaci, yaro yana iya fito da haƙora rawaya ko masu ruwan ƙasa, ba kuwa asuwakin da zai fitar da launin. In an sha da yawa yana iya taɓa hantar uwar ma. Mu manoma sai mu ƙara lura, gama irin wannan magani ne muke ajiyewa a gida domin kaji da awaki, wanda aka fi sani da Terramycin. Mun taɓa jin wanda ya ce ai duk ɗaya ne, ya ɗiba wa iyalinsa. Maganin dabba na dabba ne.

Wanda ya fi shi hatsari nesa ba kusa ba shi ne aisotiretinoyin, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Roaccutane. An fara sayar da shi a Amurka a 1982 da sunan Accutane, yana kuwa warkar da ƙuraje masu tsanani da suka gagari kowane magani. Ba a daɗe ba aka fara ganin jariran da aka haifa ba kunne, ko da ciwon zuciya, ko da lahani a ƙwaƙwalwa. Cikin jarirai 100 da iyayensu mata suka sha shi da ƙaramin ciki, wajen 20 zuwa 35 sukan zo da lahani, ban da cikin da yake zubewa. Saboda haka tun 2006 a Amurka ba a ba mace shi sai an gwada an tabbata ba ta da ciki, a kuma sake gwadawa kowane wata. A ƙauye ba safai ake ganinsa ba domin tsadarsa, amma 'ya'yanmu da suke makaranta ko aiki a birni suna iya samunsa a kyamis ba tare da takardar likita ba. Ɓarnarsa a makonnin farko take, tun mace ba ta san ta ɗauka ba. Wadda take shansa kada ta yi ciki sai aƙalla wata ɗaya bayan ta daina. Wadda ta ga ciki ya shiga tana kan sha, ta daina a ranar, ta tafi asibiti.

Maganin nan dangin bitamin A ne. Yana da 'yan'uwa na shafawa, irin su Retin-A da Differin, da mayukan gyaran fuska da aka rubuta retinol a jikinsu. Abin da yake shiga jini ta fata kaɗan ne, duk da haka shawarar likitoci ita ce a ajiye su har a haihu. Ƙwayoyin bitamin A masu ƙarfi ma kada mai ciki ta saya da kanta. Wanda yake cikin manja da karas da zogale da gwanda ba shi da wannan laifi, a ci a ƙoshi. Akwai kuma wata ƙwaya, sifironolakton, da akan ba mata domin ƙuraje. Tana iya taɓa halittar ɗa namiji a ciki, ita ma a bar ta.

Man bilicin

A nan ne muka fi ganin mata suna faɗawa, ba kuwa don son fari kawai ba. A baƙar fata irin tamu, kowane ƙurji in ya warke yakan bar baƙin tabo, tabon kuwa yakan daɗe fiye da ƙurjin. Ciki kuma da kansa yana ƙara duhun fata. Shi ya sa baƙin layi yake fitowa daga cibiya zuwa mara, waɗansu kuma kumatunsu da goshinsu su yi duhu. Mace ta duba madubi ta ga tabo ko'ina, maƙwabciya ta ce ga wani mai da yake goge shi cikin mako ɗaya, sai ta saya.

Yawancin mayukan nan suna ɗauke da ɗaya cikin abubuwa uku. Na fari shi ne sitiroyid mai ƙarfi, irin wanda yake cikin Dermovate da Betnovate, da kuma mayukan nan na kyamis da ake cewa suna maganin cuta uku a haɗe. Magunguna ne na gaske, an yi su domin waɗansu cututtukan fata na 'yan kwanaki, ba domin shafawa kullum ba. Makon farko fuska takan yi kyau, gama yana kwantar da kumburi. Bayan haka shi da kansa yake haifar da sababbin ƙuraje, fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana. In an daina sai fuska ta yi bore, mace ta koma ta ƙara saya. A 2007 an buga wani bincike da likitoci suka yi a Dakar ta ƙasar Senegal a kan mata masu ciki 99. Fiye da kashi biyu cikin uku suna shafa man bilicin da cikinsu, waɗanda kuma suke shafa sitiroyid mai ƙarfi an tarar mabiyiyarsu ta fi ƙanƙanta, sun kuma fi haifar jarirai marasa nauyi.

Na biyu shi ne haidurokwinon, wanda fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da aka shafa yake shiga jini. Na uku ita ce zaiba, wadda take lalata ƙoda da jijiyoyi, tana ratsa mabiyiya, tana kuma fita a ruwan nono. Ƙasashen duniya, har da Nijeriya, sun sa hannu a yarjejeniyar Minamata ta 2013 domin a rage amfani da zaiba, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Amma man da aka haɗa a bayan shago aka ɗura a roba ba shi da takarda, mai sayarwa ma sau da yawa bai san abin da yake ciki ba.

Muna da magana da maza a nan. Mace ba ta rufe fuska a taro haka kawai. Sau da yawa wata kalma ce ta ji a gida, ko da wasa aka faɗe ta. Maigidan da ya sayo kafso da nufin taimako ya yi, mun sani, amma kuɗin nan da ƙwai ya saya da su, ko ya biya mata kuɗin mota zuwa awo.

Abin da za a yi

A wanke fuska sau biyu a rana da ruwa mai tsabta da sabulu marar zafi, da tafin hannu, ba da soso ba. In an dawo daga gona da zufa a ɗauraye. A bar fuska ba mai mai kauri, ko da man kaɗanya da man shanu suna da kyau ga sauran jiki. A sa malafa in za a yini a rana, gama rana ce take ƙara baƙanta tabo. Kada a matse. Matsa tana tura ruwan ciki, tana barin rami da tabo, wanda yake tsakanin hanci da leɓe kuwa matsa shi tana iya kai cuta can cikin kai. Lemon tsami, da man goge baki, da toka, da kanwa, duk ƙona fata suke yi. Lemon tsami in ya haɗu da rana yakan bar baƙin da ya fi na ƙurjin.

Idan sun yi yawa suna zafi, akwai magungunan shafawa da likitoci suka yarda da su ga mai ciki. Ɗaya shi ne azelayik asid, wanda ake samu da sunan Skinoren. Yana rage ƙuraje, yana kuma rage baƙin tabo, saboda haka ya dace da fatarmu. Wani shi ne benzoyil feroksayid, mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin 100. A shafa kaɗan, a kuma yi hankali da zane da matashin kai, gama yana cin launin tufa. Likita yana iya haɗa shi da kilindamaisin na shafawa, in kuwa abin ya tsananta akwai na sha da zai zaɓa na ɗan lokaci. Ko wanne ne, sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji. Wanda duk ya yi alkawarin kwana uku, a tambaye shi abin da ya zuba a ciki. A nuna wa ungozoma kowane mai da kowace ƙwaya, har da wanda aka riga aka yi amfani da shi. Ba za ta iya taimako a kan abin da aka ɓoye mata ba. Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a je awo sau 8 kafin haihuwa, saboda haka zarafin tambaya yana da yawa.

Sai dai a lura, ba kowane ƙurji ne na maiƙo ba. Ƙurajen da suka zo da zazzaɓi, ko suka bazu a jiki duka cikin kwana ɗaya ko biyu, ko masu ruwa kamar ƙarambau, ko waɗanda suka fito a tafin hannu da tafin ƙafa, waɗannan na asibiti ne a ranar, domin ƙarambau da ƙyandar Jamus da tunjere suna taɓa jariri. Haka kuma ƙaiƙayi mai tsanani a tafin hannu da ƙafa ba tare da ƙurji ba, ko fuska ta kumbura tare da ciwon kai da ganin duhu-duhu. Kada a jira ran awo.

Mun sake bi ta ƙauyen nan da damina. Mai riƙe da littafi ta sauka lafiya, an sami ɗa namiji, waɗanda suka ce mace ce suka yi shiru. Ƙurajen sun lafa, tabon yana nan yana dushewa a hankali. Amma shugabar mata ta sake tare mu, wannan karo da jaririn a hannu, kumatunsa da goshinsa duk ƙananan ƙuraje. Ta ce, "Malamai, kun gani, ya sha a nono." Muka tafi tare wurin ungozoma. Ta duba ta ce wajen jariri ɗaya cikin biyar yakan yi haka a makonnin farko, ba daga nono ba ne, ba kuma daga fuskar uwarsa ya ɗauka ba. Ta ce a wanke masa da ruwa kawai, kada a shafa kome, a ci gaba da ba shi mama, in ya yi zazzaɓi ko ƙurajen suka tara ruwa a komo da shi. In ba haka ba, kafin ya cika wata uku ko huɗu za su tafi da kansu.